Abin da Hammadu Ya Ciro a Ƙarƙashin Motar Modu

Zainabu ba ta san komai a harkar mota ba, amma tana iya bambance kukan Landkuruzar mijinta da na duk wata mota da ke shigowa unguwarsu a Nguru. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, fentinta ya koɗe har ba a iya cewa ga launinta na asali. Da ita Modu yake ci da gidansa. Ya ɗebi kayan masarufi a Nguru, ya ƙara fasinja a Gashuwa, ya bi ta Yusufari ya kutsa cikin yashi zuwa Kumagannam da ƙauyukan bayanta. A dawowa kuma buhunan gero ne da awaki, mutane a zazzaune a saman kaya.

Da kaka ne ya fara ƙorafi a kan sitiyari.

"Motar nan ta daina jin magana, Maman Zahra," ya ce da ita wata ranar, yana matsa kafaɗarsa. "In na murɗa ta dama sai ta tsaya shawara kafin ta bi ni. Ga rawa. Jiya kamar za ta cire mini hannu."

"To ka kai ta gyara mana."

"Na gaji da faci. Wannan karon duk kayan ƙafar gaba zan sake."

Ya sayar da san da yake kiwo a bayan gida, ya ba Hammadu kuɗin, wani dattijon bakanike da suka daɗe suna tare, ya sa aka aiko masa da kaya daga Kano. Ranar da suka iso, a tsakar gida ya buɗe kwalayen ya jera ƙarafan a kan tabarma, suna ta ƙyalli, suna warin sabon girisi. Ya riƙa kiran sunayensu tana dariya. Guda ɗaya kaɗai ta riƙe, don ya ɗaga shi sama ya yi mata bayani.

"Wannan shi ne tayarod. Shi ke haɗa tayoyin gaba da sitiyari. Kin ga wannan ƙwallon da ke cikin gidansa? Ranar da ya fita, mota ta tashi daga hannun direba."

"Baba Hammadu ne zai ɗaura?"

"Yayanki zan kai wa. Garejinsa ya yi sanyi, ga jinyar Inna a kansa. Hammadu zai ɗan ji haushi, amma zai huce."

Zainabu ta ji daɗi har cikin ranta. Yayan nata, Mudi, shi ne babba a ɗakinsu, shi kaɗai ne namiji, kuma tunda ciwon ƙoda ya kama mahaifiyarsu komai ya koma wuyansa. Ta ƙulla wa Inna dabino da ɗan turaren wuta, Modu ya tafi da su Gashuwa. Ya kwana biyu a can ya dawo yana yabon aikin. Ya ce sitiyari ya ɗaure tamau kamar ranar da aka ƙera motar.

Ba a rufa wata ba aka kawo gawarsa.

Waɗanda suka tsira sun ce suna gangarowa ne daga wani tudun yashi, kafin a kai Yusufari, sai suka ji ƙara ƙas a ƙarƙashin motar. Tayar gaba ta hagu ta buɗe ta nufi nata wuri. Modu ya yi ta juya sitiyari, ba abin da ya amsa. Motar ta kwanta, ta sake juyawa da lodinta. Shi da wani dattijo mai awaki nan take suka cika. Wata mata mai goyo ta karye a cinya.

Zainabu ta shiga takaba. Tana daga ɗaki maganganu suka riƙa iso mata, a bakin masu zuwa gaisuwa waɗanda ba su iya rage murya ba. Wai Modu maƙo ya kashe shi. Wai an faɗa masa ƙarfen nan ya mutu, ya ce sai bayan cin kasuwa. Ya ɗauki rayukan bayin Allah ya ɗora a kan ruɓaɓɓiyar mota. Da ta ce da idonta ta ga sababbin kaya, sai a ce, "Allah sarki, yi haƙuri," a kalli juna. Wata maƙwabciya ma cewa ta yi ai namiji ba ya faɗa wa matarsa gaskiyar aljihunsa.

Wan Modu, Alhaji Mustapha, mai shagon hatsi a kasuwar Nguru, shi ya tsaya a kan komai. Ya zauna da dangin dattijon da ya rasu da mijin matar da ta karye a gaban dattawa, aka daidaita, ya biya daga aljihunsa. A madadin haka, ya ce, motar ta zama tasa. Aka jawo ta aka ajiye a garejin Hammadu, ta yi ta shan rana.

Zafi ya kankama sosai lokacin da ta fita takaba. Da safiyar wata Laraba matar Hammadu ta leƙo ta ce maigidanta yana son ganinta a gareji, kuma ta zo ita kaɗai.

Ba ta taɓa ganin motar ba tun ranar. Tana ɗage a kan kututture a gindin darbejiya, rufin gaban ya lotsa ta ɓangaren direba. Zainabu ta kawar da kai. Hammadu ya ba ta benci, ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar yara, kamar mai neman hanyar da zai bi. Can ya jawo wani tsumma ya buɗe, sai ga wani ƙarfe a ciki.

"Alhaji ya ce in tayar da ita. Jiya na kwance gaban. Maman Zahra, kin ga kayan da aka aiko daga Kano?"

"Na gani, Baba."

"Ni na karɓe su a tasha da hannuna. To wannan ba ya cikinsu."

Ya sa wuƙa ya kankare jikin ƙarfen. Baƙin fenti ya fita, tsatsa ta bayyana. Ya juya mata bakin gidan ƙwallon, inda duk ya yi tabon guduma, sannan ya sa tsinke ya zaƙulo wani abu baƙi mai laushi ya ɗora mata a tafin hannu.

"Robar tiyub ce. Tsohon kan tayarod ɗinsa ne, wanda na sha sa masa girisi. An yanka roba an cusa don ya daina rawa, an bubbuge bakin, an sa masa sabuwar rigar roba, an fesa fenti. Duk wanda ya leƙa zai rantse sabo ne. A kan kwalta zai iya yin wata biyu. A yashi, da lodi..." Ya girgiza kai.

"Ina sababbin?"

"Wannan ba ni za ki tambaya ba."

Ta zauna tana kallon robar.

"Akwai saura," Hammadu ya ce, bai dube ta ba. "Na so in bar shi, amma Modu abokina ne. Maganar nan da ake yi, cewa an gargaɗe shi ya ƙi ji. A wajen zaman makoki ta fara. Ina zaune Mudi ya ce ƙananan kaya kaɗai aka kai masa, ya ce ya roƙi Modu ya sake tayarod ya ƙi. Na yi shiru a lokacin, na ce ko Modu ne ya sayar da su ban sani ba. Yanzu na sani. Mai sayar da kayansa ba ya fesa wa tsoho fenti don ya ruɗi kansa."

Ta naɗe ƙarfen a tsumman, ta sa cikin hijabi. Ko gida ba ta koma ba, ta wuce tasha.

Ta isa Gashuwa bayan azahar. Mudi yana kwance a ƙarƙashin wata a-kori-kura sa'ad da ya ga ƙafafunta. Ya fito yana murmushi, yana cewa, "Abu? Yau kece a garin ba sanarwa?" Da ya ga fuskarta murmushin ya tsaya. Ya goge hannu, ya ce su je gida.

Inna tana ɗaki, ƙafafunta sun kumbura sun yi sumul. Zainabu ta gaishe ta a tsaitsaye, ta fito bayan ɗakin, wajen tsohuwar tukunyar da Inna take ƙyafe kifi a da. A nan ta buɗe tsumman ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

Mudi ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Yaya Mudi, ina kayan Baban Zahra?"

"Hammadu ne ko? Tun ranar da aka hana shi aikin nan yake neman..."

"Ina kayan?"

Ya zauna a kan turmi. Ya ce a satin da aka kawo masa motar ne likita ya ce in ba a yi wa Inna wankin ƙoda ba, ba za ta kai Juma'a ba. Ya ce ya zagaye garin nan kaf, har wajen waɗanda ba ya ko gaisawa da su. Ya ce wani direban Jakusko ya ga kayan a gareji ya yi musu kuɗi a take. Niyyarsa ya ɗan riƙe motar na kwanaki, da zarar ya samu sai ya sayo wasu ya kira Modu ya ce ya zo a ƙara ɗaurewa.

"Na sha yin irinsa, Abu. Motoci nawa ke yawo da shi a garin nan? Ba wanda ya taɓa ko ƙwarzanewa."

"Me ya hana ka tambaye shi? Mutumin da ya tsallake amininsa ya kawo maka aiki don ka samu. Da ka ce masa Inna ce, wallahi da kansa zai sayar da su ya ajiye motar."

"Kullum ni ne mai roƙon mijin ƙanwata? Ke ba ki san abin da..."

"To ka kashe shi. Me ya sa ka bi shi kabari da ƙarya?"

"Kada ki sake cewa na kashe shi!" Ya miƙe. "Ajalinsa ne ya zo. Ko da sabon ƙarfe, in kwana ya ƙare ya ƙare. Maganar makoki kuwa, mutane ne suka tsare ni da ido, dangin dattijon nan suna zaune da sandunansu. Me kike so in ce?"

"Abu."

Inna ce, ta rarrafo har bakin ƙofa tana dafe da bango. Zainabu ta tashi za ta kama ta, ta ɗaga mata hannu.

"Ba sai kin ɗaga murya ba, na san komai. Ranar da aka yi rasuwar ya zo nan ya kifa kansa a cinyata ya faɗa mini."

Zainabu ta tsaya kamar an dasa ta. Inna ta zo gaisuwa Nguru a cikin ciwonta, ta kwana a ɗakinta, ta riƙe mata hannu tana yi mata addu'a. Ashe duk da wannan a cikinta.

"Modu ɗa ne a wurina, Allah ya sani. Amma ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Wannan kuwa shi ke ɗauka ta ya kai ni asibiti. In aka ɗaure shi, ke za ki ɗauke ni? Yaransa fa?"

"Inna, nawa yaran fa? Ana nuna su ana cewa ubansu ya kashe mutane."

"Bakin mutane gajiya yake. Ki ɗauki abin nan ki jefa a kogi kafin ki hau mota. In kika kai shi gaban wani, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Motar da ta hau ta bar Gashuwa ƙarfen yana cikin hijabinta. Ta kai shi gida ta tura ƙarƙashin gado, ta ce da kanta za ta iya haƙuri.

Ta yi ƙoƙari. Ta koma soya ƙosai da safe a ƙofar gida. Ta koyi yin kamar ba ta ji ba in masu saye suka ce Allah ya jiƙan Modu, ya yafe masa, da irin muryar da ake yi wa mai laifi addu'a. Abin da ya karya ta shi ne ranar da Zahra ta dawo daga Islamiyya ba ta yi kuka ba, ba ta kawo ƙarar kowa ba, ta zauna a gefenta ta tambaye ta a hankali, "Mama, Baba zai shiga wuta ne saboda mutumin nan?"

Washegari ta tafi shagon Alhaji Mustapha.

Ya saurare ta har ta gama. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya shinshina robar, ya ajiye a kan buhu. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tsorata ta.

"Hammadu ya riga ya faɗa mini. Na ce ya kama bakinsa, ashe bai ji ba."

"Alhaji, ƙaninka ne. Ciki ɗaya."

"Shi ya sa na fitar da abin da na fitar, ban nemi ko sisi a wurinki ba. Maganar nan an rufe ta a gaban dattawa, an yi fatiha. Yanzu kina so a tone ta? 'Yan sanda su shigo, su kwashe motar su ajiye a matsayin shaida har ta ruɓe? Dangin dattijon nan su ce a sake lale? A kan wa? Yayanki. Me yake da shi ban da sifana da guduma?"

"Ba kotu nake so ba. Ka tsaya a masallaci ka faɗa wa mutane gaskiya, shi ke nan."

"In na faɗa a masallaci, kafin la'asar ta isa ofishin 'yan sanda." Ya rage murya. "Kuma ki yi tunani. Wa ya kai aikin Gashuwa? Don wa aka tsallake Hammadu? Kada ki jawo abin da zai dawo kanki. Modu yana gaban Wanda ya san gaskiya. Je ki riƙe 'ya'yanki."

Ya kira wani lebura ya ce ya auna mata masara. Ta fita ba ta karɓa ba, ta bar ƙarfen a kan buhun.

Shago ba ɗaki ba ne. Akwai masu awo, akwai 'yan dako, akwai direbobi masu jiran lodi. Kafin sati ya zagayo magana ta isa Gashuwa, sai dai ta sake kama a hanya. Abin da ya isa shi ne Zainabu ta je tana neman a ɗaure yayanta, alhali uwarsu tana kwance. A Nguru ma haka aka riƙe ta. Masu cewa Modu ya yi sakaci ba su fasa ba, sun dai ƙara da cewa matarsa baƙin ciki ya taɓa mata kai, tana neman wanda za ta ɗora wa. Masu sayen ƙosai suka ragu. Ta kira wayar Inna, matar Mudi ta ɗauka ta ce Inna ta ce ba ta da 'ya a Nguru.

Hammadu ya gama aikin motar. Wannan karon Alhaji bai yi tsimi ba: sabon tayarod, sababbin kawuna, an sake akwatin sitiyari, har da wani ƙarfen rage girgiza da Modu ya daɗe yana burin sawa. Aka buge rufin, aka yi mata farin fenti, aka ba wani direba daga Yusufari. Direbobi a tasha suna cewa yanzu da yatsa ɗaya ake juya ta a cikin yashi. Hammadu ya zo har ƙofar gida ya ba Zainabu haƙuri. Ya ce da ya san haka abin zai ƙare da ya haɗiye. Ta ce ba komai, ta yi masa godiya, amma ba ta fito ba.

Inna ta rasu gab da faɗuwar damina. Ba wanda ya kira Zainabu, a bakin wata mai kifi ta ji. Ta isa Gashuwa an riga an kai ta. Ta shiga cikin mata ta zauna, na kusa da ita suka ɗan ja tabarma. Wata gwaggonsu ta ce, ba tare da ta dube ta ba, ai wasu ciwo ke kashe su, wasu kuma 'ya'ya. Zainabu ta zauna har aka yi addu'a, ta tashi ta nemi takalmanta. Guda ɗaya ta samu. Haka ta taka zuwa tasha.

Damina ta sauka, hatsi ya yi tsada, jarin ƙosai ya narke a tukunyar gida. Ta sayar da katifa, ta sayar da kwanukan aurenta. Akwai ranar da ta dafa wa yaran rama da ɗan ƙuli, ta ce musu ita azumi take.

Wata Juma'a da hantsi ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da ta sani. Mudi ya sake yi, ya sake. Ta ji ya sauke wani abu mai nauyi a zaure.

"Abu, gero ne," ya ce daga waje. "Ba don ke ba, don yaran. Ba sai kin fito ba."

Ya ɗan jira. Sannan babur ya tashi.

Buhun ya wuni a zaure. Yaran suna wucewa suna kallonsa, suna kallonta. Ta yi wanki, ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ƙyauren. Rufin zauren yana yoyo tun bara.

Da ɗigon farko ya sauka a kan kwano, ta tashi ta ɗaure zane. Ta kama kunnen buhun ta ja, ya ƙi motsi.

"Zahra," ta ce, "zo ki kama mini."